Injin tsotse laima ko bututun sabuwar iska: wanne gidan Damagaram ya fi buƙata?

Gidajen da ake ginawa yanzu a sabbin unguwannin Damagaram rufaffu ne. Tagogin alminiyom masu gilas, filafon a sama, tayil a ƙasa, kilim a kowane ɗaki. Ƙura ta ragu, sauro ya ragu, amma wasu matsaloli biyu sun shigo a madadinsu. Ɗaya ta kowace asuba ce: an rufe ɗaki tun bayan isha'i, mutum uku ko huɗu a ciki, a tashi kai ya yi nauyi. Ɗayar kuma sai marka ta kankama take bayyana, takalmin fata a ƙasan kabad ya yi funfuna, manyan riguna su ɗauki wari, katifa ta riƙa yin sanyi-sanyi.

Wanda ya nemi magani a intanet zai ci karo da tsarin Amurkawa: inji ɗaya a ɓoye a saman filafon yana tsotse laimar gida gaba ɗaya, bututu na rarraba busasshiyar iska ɗaki-ɗaki, wani ƙaramin bututun kuma na jawo sabuwar iska daga waje. Tsarin yana aiki, babu musu. Sai dai an yi shi ne don wurare irin su Fulorida, inda laima ke kwana ta wuni watanni da yawa a jere. Mu kuwa ruwan da muke samu a shekara bai wuce wajen milimita 400 ba, akasarinsa a Yuli da Agusta. Daga kaka har bazara, abin da ke damunmu shi ne bushewa: leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, yara su yi ta haɓo. Kafin mutum ya fasa filafon ɗinsa, ya kamata ya raba matsalolin nan biyu, domin ba magani ɗaya gare su ba, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Lissafin da komai ya rataya a kansa

Iska mai zafi ta fi mai sanyi ɗaukar ruwa. A ce ranar marka ce, zafin waje digiri 30, laima kashi 70 cikin 100. Kowane kubik mita na wannan iska yana ɗauke da ruwa wajen giram 21. Ɗakin da kake so ya zauna a digiri 26 da laima kashi 55, giram 13 ne rabonsa. Ke nan duk kubik mitan da ka shigo da shi, ka shigo da rarar giram 8 da dole wani abu ya cire. A juya zuwa Maris: waje digiri 38, laima kashi 10. Ruwan da ke cikin iskar bai kai giram 5 ba. Ko ka sanyaya ta zuwa digiri 26, laimarta wajen kashi 20 za ta tsaya, alhali jikin mutum ya fi sakewa tsakanin 40 da 60. Funfuna kuwa sai laima ta daɗe sama da kashi 70 take samun gindin zama.

Sabuwar iska nawa gida ke buƙata? Ƙungiyar injiniyoyin ASHRAE ta Amurka tana da ƙa'ida mai lamba 62.2: lita 3.5 a sakan ga kowane mutum, a ƙara lita 0.15 ga kowane murabba'in mita na gida. Su suna ƙidaya mutane ne da yawan ɗakunan kwana a ƙara ɗaya, wato gida mai ɗaki huɗu mutum biyar. A nan gida mai ɗaki huɗu da wuya ya gaza mutum goma, ban da baƙi daga ƙauye. Gida mai murabba'in mita 150 da mutum goma zai nemi wajen kubik mita 200 a awa. A riƙe wannan adadi, da shi za mu auna kowane zaɓi. A ranar markar da muka kwatanta, kubik mita 200 a awa na nufin ruwa wajen lita 38 ne ke shigowa gida a kwana ɗaya ta bututun iska kaɗai. A ranar bazara mai digiri 42 kuma, zafin da yake shigowa da shi ya kai wajen kilowat ɗaya, kusan sulusin ƙarfin siflit, wato kilim mai rabi a ɗaki rabi a waje, mai doki ɗaya da rabi.

Wani zai ce to ai kilim na kawo iska. Na taɓa tsayawa ana wannan gardama a wani gida, mai gidan ya kafe cewa injin da ke waje shi ke turo iska ciki. Mai gyaran bai ja da shi ba. Ya ɗauko tsani, ya janye farin ledar da aka naɗe bututan da ita a inda suka ratsa bango, ya ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, duba da idonka. Tagulla biyu ne, ɗaya kaurin ɗan yatsa, ɗaya bai kai ba, sai waya da tiyon ruwa. Gas ne ke zagayawa a ciki. Iskar ɗakinka ita ce dai yake ta juyawa." Siflit ba ya shigo da ko numfashi ɗaya daga waje. Hayaƙin turaren wuta, na maganin sauro, da iskar da mutane suka fitar, duk suna nan, sanyi kawai suka yi.

Cikakken tsari: inji da bututunsa

Injin tsotse laima na gida gaba ɗaya akwati ne mai kwamfuresa irin ta firij. Iska na ratsa sashe mai sanyi, ruwanta ya ɗiga, sannan ta ratsa sashe mai zafi ta fito busasshiya. Bakinsa na shiga da na fita yawanci milimita 200 ne ko 250, bakin sabuwar iska kuma 150. Ƙananan cikinsu a Amurka ana rubuta musu fant 70 a rana, wato wajen lita 33.

Hanya biyu ake haɗa shi. In gidan yana da kilim mai bututu, irin wanda ake gani a bankuna da manyan ofisoshi, ana iya jingina injin da bututun da ke akwai. Mafi kyau a nan shi ne a ba injin bakin jan iska nasa na kansa a falo ko koridon tsakiya, ya zuba busasshiyar iskarsa cikin bututun da ke rarraba sanyi, a sa marfi mai buɗewa gefe ɗaya don kada iskar kilim ta komo ta baya. Wasu masu aiki sukan zuba ta a bututun da ke mayar da iska cikin kilim saboda ya fi sauƙin haɗawa. Illar haka, dole fankar kilim ta riƙa juyawa duk lokacin da injin ke aiki, kuma busasshiyar iskar tana bi ta kan jiƙaƙƙen ƙarfen kilim ta kwashe ruwan da ya tara, ta mayar cikin gida. Amma gidaje nawa ne a Damagaram ke da kilim mai bututu? Ƙalilan. Saura duk hanya ta biyu za su bi: bututu na musamman tun daga farko, baki ɗaya babba na jan iska a tsakiyar gida, ƙananan bakuna na zubawa a kowane ɗakin kwana, sannan a rage ƙasan ƙofofi kamar santimita 2 don iska ta samu hanyar komawa.

Alherinsa a fili yake. Ka saita kashi 55, ya riƙe maka shi ko kilim na aiki ko ba ya yi. Sabuwar iska tana bi ta cikinsa, a tace ta, a busar da ita kafin ta isa ɗaki. Ba bokitin da za a zubar, ba ƙara a ɗakin kwana.

Abin da masu sayarwa ba sa saurin faɗa shi ne injin nan yana ɗumama gida. Duk litar ruwan da ya tsotse tana sakin zafi wajen kashi biyu cikin uku na kilowat-awa, wutar da ya ci ma zafi take komawa. Inji mai kyau yana cire kamar lita 2 da kilowat-awa ɗaya. In ya cire lita 30 a rana, ya ci kilowat-awa 15, ruwan ya saki wajen 20, jimilla 35. A raba wa awa 24, daidai yake da ka kunna rishon lantarki mai kilowat ɗaya da rabi a falo ka bar shi dare da rana. Kilim ne zai kwashe wannan zafi, faktir ɗin wuta kuma ya nuna sau biyu.

Sai maganar wutar kanta. Injinan da aka yi don kasuwar Amurka, irin su Aprilaire da Santa Fe, akasarinsu na bolt 115 ne da hez 60, wato yawan juyawar wutar a sakan. Wutarmu bolt 220 ce da hez 50. Taransifoma na gyara bolt, ba ya gyara hez. Motar za ta riƙa juyawa ƙasa da yadda aka tsara ta da wajen kashi ɗaya cikin shida, kuma in ta ƙone ba mai karɓar koke. Wanda ya nace sai ya saya, ya nemi na bolt 220 zuwa 240 da hez 50, mai tashi da kansa in wuta ta dawo, ya haɗa masa da abin daidaita wuta mai jinkirta kunnawa minti 3, domin kwamfuresa ba ta son a kashe a kunna nan take. A kuma tuna yankinmu ya daɗe yana dogaro da layin da ke zuwa daga Katsina. Da Najeriya ta katse wuta a farkon Agustan 2023, tsakiyar marka ce, daidai watan da irin wannan inji yake da amfani.

Wurin ajiye shi ma tambaya ce. Tsakanin kwano da filafon, da azahar ɗin Afrilu, zafi na iya haura digiri 60. Ko injin na kashe a lokacin, robobinsa da allon lantarkinsa suna can suna gasuwa wata bayan wata. Gara a yi masa ɗan ɗaki ko a rataye shi a saman korido, cikin inuwar gida. Gidan da aka zuba wa dal, wato rufin kankare, kuma ba shi da sarari a sama ko kaɗan, sai dai a sauke filafon ɗin korido da kamar santimita 35 bututu ya bi ta nan.

A taƙaice dai, kuɗi mafi yawa, aiki mafi wahala, amfani wata biyu ko uku a shekara. Sauran watannin fankarsa kawai za ka riƙa mora.

Bututun sabuwar iska kaɗai

Tunda fankar da filtar su ne ke aiki duk shekara, me zai hana a sa su su kaɗai? Wannan shi ne zaɓin da na fi karkata gare shi ga yawancin gidaje. Baki a bangon waje mai raga, akwatin filta, ƙaramar fankar cikin bututu, marfin rufewa, sai bututu zuwa ɗakunan kwana da falo. Wutar da fankar ke ci ba ta kai wat 100 ba, batirin sola na ɗaukarta har safe.

Babbar fa'idarsa a garinmu ita ce ƙura. In kana tura tatacciyar iska cikin gida, iskar ciki ce ke neman hanyar fita ta ƙasan ƙofa da gefen taga, ƙurar hunturu ba ta samun ta shiga ta nan. Fankar bango mai fitar da iska kuwa akasin haka take yi: duk abin da ta fitar, sai madadinsa ya shigo ta kowace kafa, da ƙurarsa da zafinsa. Wurinta banɗaki da kicin, a kunna in ana buƙata a kashe.

To laimar marka fa? A bar wa siflit. Kowane kilim yana cire ruwa in yana aiki, shi ne ruwan da ke ɗiga a bayan ɗaki. Abin da ke hana shi yi da kyau, yawanci girma ne ya yi wa ɗakin yawa. An sa mai doki biyu a ɗakin da doki ɗaya zai isa, saboda tsoron Mayu. A Agusta zafi ya sauka, cikin ƴan mintoci ɗaki ya yi sanyi, kwamfuresa ta tsaya, ruwan iska yana nan bai fita ba. Sanyi ga shi, jiki kuma na danƙo. Maganinsa a danna alamar ɗigon ruwa a rimot, ko a rage gudun fanka. Siflit mai inbata ya fi iya wannan, don yana tafiya a hankali ba ya yawan tsayawa. A sa bakin sabuwar iska kusa da saman siflit, inda yake jan iska, don ta bi ta cikinsa kafin ta bazu. Kuma a daina saita rimot a 16. Iskar markar da muka kwatanta tana fara zubar da raɓa a kan duk abin da sanyinsa ya kai wajen digiri 24, shi ya sa ɗakin da aka ƙanƙarar yake jiƙa gilas da bayan kabad da zarar an buɗe ƙofa.

Rauninsa: iskar tana shigowa yadda take a waje, da zafinta da laimarta. Shi ya sa ake sa masa agogo ko makunni mai gudu biyu. Da daddare, lokacin da mutane ke cikin ɗakuna kuma gari ya ɗan huce, a ba shi cikakken gudu. Da rana a rage. In hadari ya taso daga gabas da jar ƙurar nan da ke riga ruwa isowa, a kashe a rufe marfi.

Bututun kansa, inda aiki ke gyaruwa ko ya lalace

Kowane zaɓi ka ɗauka, nan ne kuɗinka zai yi amfani ko ya tafi a banza. Fara da faɗi. Kubik mita 200 a awa cikin bututu mai milimita 150 ko 160 yana tafiya wajen mita 3 a sakan, shiru. Cikin na milimita 100, wanda shi ne ya fi samuwa a shagunan kayan famfo, gudun ya kai mita 7, za ka kwana kana jin shuuu a kanka. Kuma in aka rage faɗin bututu da rabi, wahalar tura iska iri ɗaya tana ninkuwa wajen sau 30. Reshen da ke zuwa ɗaki ɗaya na iya zama 100, uwar bututun kuwa a'a.

Kayan iri uku ne. Na kwano mai galbanize shi ne gaba: cikinsa sumul, ɓera ba ya huda shi, ba ya jin zafi. Maƙeranmu masu lanƙwasa kwano suna iya yinsa in an ba su awo, sai dai a tsaya musu a kan gwiwa, ta zama mai lanƙwasa a hankali, ba kusurwa ba. Na roba irin na magudanar ruwa yana da sauƙin samu da haɗawa, ya isa ga sabuwar iska in ba ya cikin rana, amma gwiwoyinsa masu kaifi ne, gara a haɗa biyu masu digiri 45 maimakon ɗaya mai 90. Na uku shi ne mai lanƙwasuwa, waya a naɗe da ledar alminiyom. Masu aiki na son sa don ba ya buƙatar awo. Na leƙa saman wani filafon da aka yi aikin da shi bai fi shekara biyu ba: an ja shi sakwa-sakwa, ya yi ciki tsakanin katako da katako, wani wurin ya maƙale a ƙarƙashin ƙarfen rufi ya koma rabin faɗinsa. Salatif ɗin da aka liƙe mahaɗa da shi ya bushe ya saki, bakin ya rabu da akwati da kamar yatsa biyu. Fankar tana ta aiki, amma iskar saman kwano take turawa ɗakin yara, ga jar ƙura kwance a kowane lungu na ledar, ga kashin ɓera. In dole sai an sa irinsa, kada ya wuce mita ɗaya ko biyu a ƙarshen layi, a ja shi ya miƙe, a ɗaure da zoben ƙarfe. Mahaɗa kuma a shafe ta da mastik ko salatif na alminiyom na ainihi.

Duk bututun da zai bi ta ƙarƙashin kwano sai an naɗe shi da audugar gilas mai bayan alminiyom, in ba haka ba iskar digiri 30 za ta iso ɗaki da zafin rufi. Wanda ke ɗauke da sanyin kilim kuwa in ba a naɗe shi ruf ba, da marka zai yi gumi ya ɓata filafon.

Bakin waje: iskar hunturu daga arewa maso gabas take bugowa, hadari daga gabas, bangon yamma kuma shi ke shan ranar la'asar. Saboda haka kudu, ko ƙarƙashin baranda, ya fi. Ya yi sama da ƙasa da aƙalla mita 2, ya nisanci bututun masai, murhu, turken dabbobi da gurup, wato janareta, da aƙalla mita 3. Na gurup ɗin ba wasa ba ne, hayaƙinsa yana kisa, kuma fanka za ta raba shi ɗaki-ɗaki cikin dare. A sa raga saboda sauro da ƙadangare, da ɗan rufi saboda feshin ruwa.

Filta hawa biyu ake so: ta gaba mai kama manyan ƙura wadda ake wankewa, ajin G4, sai ta baya mai kama laushin hazo, ajin F7, ko MERV 13 a lissafin Amurka. Akwatin ya fi bututun faɗi sosai, don filta mai faɗi ta fi jinkirin toshewa. Kuma a sa shi inda hannu ke kaiwa daga tsaye. Filtar da sai an hau tsani an cire allon filafon, sau ɗaya za a wanke ta. Da hunturu ta gaban za ta nemi wanki kusan kowane mako. Ta bayan ba a wanke ta, sauyawa ake yi, don haka ka sayi ƴan kai tun ranar da ka sayi fankar, kada ka dogara da cewa za a samo maka daga Kano ranar da ka buƙata.

Akwatin musayar zafi

Akwai na tsakiya, wanda ake rubuta wa ERV. Fanka biyu ne a akwati ɗaya, ɗaya na fitar da tsohuwar iska, ɗaya na shigo da sabuwa, suna gilma juna ta cikin siraran takardu ba tare da sun gauraya ba. Zafi da wani kaso na laima suna ƙetarawa. In waje 42 ne ciki 26, akwatin da ke mayar da kashi 70 zai shigo da iskar a wajen digiri 31. Da hunturu yana riƙe wa gida ɗan danshinsa, da marka yana tare wani ɓangare na ruwan waje. A takarda, shi ya fi dacewa da yanayinmu fiye da injin tsotse laima, tunda yana aiki a kowane lokaci na shekara. Amma ba ya busar da gida, rage abin da ke shigowa kawai yake yi. Bututunsa ninki biyu ne, kuma ƙura ce ajalinsa: in filta ta yi sakaci, zuciyar takardar ta toshe, ba a kuma wanke ta da ruwa. Ya dace da gidan da kilim ke aiki dare da rana, mai gidan kuma ba ya wasa da kula da kaya. Gidan da ake buɗe tagogi rabin yini bai ci ribarsa ba.

Ƙaramin injin tsotse laima mai taya, na lita 10 zuwa 20 a rana, ba ya son bututu ko kaɗan. In matsalarka ɗaki ɗaya ce, na kayan Hajiya, ko na littattafai, ko ma'ajin magani, shi ne amsa. A fito da shi a Yuli, a mayar kwali a Oktoba. Ya kan ɗumama ɗakin kaɗan, kuma yawancinsu ba sa aiki in zafi ya wuce digiri 35.

Na'urar sanyaya iska mai shan ruwa, imidifikater, tana can ɗaya gefen. A Maris da Afrilu tana iya sauke zafin iska da fiye da digiri 10 da wuta kaɗan, ta ƙara danshin da ake nema, kuma in an jingina ta da taga sabuwar iska take turowa. Sharaɗinta a bar wata taga a buɗe, ga kuma shan ruwa, a garin da kowa ya san darajar jarka. Da marka ba ta da amfani, illa ma take yi. Kada a haɗa ta da kilim ko injin tsotse laima a ɗaki ɗaya, ɗaya na zubawa ɗaya na kwashewa.

Wa zai ɗauki wanne

Kafin komai, sayi ɗan agogon auna laima, biyu ma, ɗaya a ɗakin kwana ɗaya a inda kaya ke funfuna. Ka riƙa dubawa safe da dare daga Yuli zuwa Satumba. In yana yawo tsakanin 55 da 65, ba ka buƙatar injin komai, bututun iska da gyaran yadda ake amfani da kilim sun isa. In ya zauna sama da 70 makonni a jere a ɗaki ɗaya, ƙaramin inji. In duk gidan ne, gidan kuma babba ne a rufe ruf, da wuta tsayayya ta sola ko gurup, ko kuwa wurin asibiti ne, ɗakin gwaji ko ma'ajin takardu, to cikakken tsarin ya cancanci kuɗinsa.

A kuma duba ko laimar daga iska take. In fenti na kumbura daga ƙasan bango zuwa gwiwa, farin gishiri na fitowa, ruwan ƙasa ne ke hawa, abin da aka saba gani a gidajen da ke kwari ko kusa da tabki. In tabon daga sama yake, rufi ne ko indararo. Injin tsotse laima zai yi ta jan ruwan nan ta cikin bango ba ya ƙarewa. Aikin magini ne. Tsofaffin sorayen ƙasa na Birni da Zango kuma ba su cika shiga wannan lissafi ba: katangar ƙasa mai kauri tana shan danshi ta sake shi a hankali, iska na shiga ta ko'ina, kuma huda azara don bututu ɓarna ce.

Mai gini yanzu shi ya fi kowa sa'a. Tun kafin a yi shafe, ya sa magini ya bar rami mai milimita 160 a bangon kudu, da ƙananan ramuka na 100 zuwa 125 a saman ƙofar kowane ɗaki ta ɓangaren korido. Ya ɗaga rufin koridon yadda za a iya sauke filafon, ya ja soket ɗaya can sama a kan layinsa na daban, ya binne tiyon ruwa mai gangara santimita ɗaya a kowace mita zuwa waje, da ɗan lanƙwasa mai riƙe ruwa don wari da kyankyasai. In yana tunanin wata rana zai ƙara babban injin, uwar bututun ta zama milimita 200 tun yanzu, a bar mata reshe a toshe. Fanka da filta su fara aiki, agogon laima kuma ya nuna a markar farko ko reshen nan zai taɓa buɗuwa.